Wayar da na rufe a cikin durowa

Edita, a shekarar da wannan abu ya faru ni mace ce 'yar shekara arba'in da 'yan kai, mai shagon ɗinki a Barking, mai kuma bakin da ba ya ajiye magana. Mijina ya rasu bayan zuwanmu London da 'yan shekaru, ya bar ni da yara uku da keken ɗinki ɗaya a falo. Da wannan keken na rarrafa har Allah Ya kai ni ga ɗan shago kusa da tashar jirgi, shagon da in mutum shida suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Kowa ya san abin da ake zagin teloli da shi, wato saɓa alkawari. To ni da abin da nake tinƙaho ke nan: ban taɓa cewa mutum ya zo Laraba ya zo ya tarar ba a gama ba. A gidan biki ko suna, in aka zo maganar tela, sai ka ji ana cewa a kai wa Hajiyar Barking, ita ba ta ƙarya. Ina jin daɗin wannan kirari fiye da yadda ya kamata, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

Ma'aikatana uku ne. Mata biyu suna kan keke, sai wani dattijo ɗan wajen Filato da ke kan injin surfani, wanda shi kaɗai ya iya aikin wuya da ƙirjin babbar riga. Ya girme ni da 'yan shekaru, amma Hajiya yake ce mini, ni kuma Malam. Mutum ne marar hayaniya, in ka ji muryarsa to gaisuwa ce ko kiran salla. Akwai wata doka da na kafa a shagon tun ranar da ɗaya daga cikin matan ta ɓata shaddar mutane garin kallon waya. Duk wanda ya shigo da safe zai miƙa wayarsa, in saka a durowar teburin yanka inda nake tsayawa, ba a ƙara ganinta sai lokacin salla. Sun yi gunaguni, na ce wanda bai iya ba ƙofa a buɗe take.

A tsakiyar azumi, wata Litinin da safe, Malam ya tsaya a gaban teburina yana ta jan gaisuwa, har na gane da magana a bakinsa. Ya ce a ƙarshen mako bakin maiɗakinsa ya karkace, hannunta ya mutu na ɗan lokaci, sannan ya saki. Sun je asibiti, an ce hawan jini ne, kuma wannan gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya. Likita ya ce a 'yan makonnin nan kada a bar ta ita kaɗai, kuma da zarar an sake ganin alama a kira motar asibiti nan take, domin a wannan ciwo lokaci shi ne komai. Matar tasa shekararta biyu kacal da zuwa ƙasar, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, yaransu kuma suna makaranta tun safe har yamma. Ya roƙi in ba shi mako biyu ya zauna da ita. Bai yi maganar albashi ba, kunya ba za ta bar shi ba, amma ni da shi mun san gidansa ba zai kai mako biyu babu abin da ke shigowa ba.

Da a gida ne, wannan ba abin da za a kawo wa uwar ɗakin aiki ba ne. Kafin a sallamo marar lafiya an riga an raba jinya, ƙanwa ta kwana, yaya ta yini, maƙwabciya ta leƙo da kunu. A nan kuwa kowa yana bin jirgin safe, kuma mutum sai ya shekara bai san sunan wanda ke gidan da ke kallon nasa ba. Na duba kantar da ke bayana, rigunan Salla jere har sama, rabinsu suna jiran injin Malam. Na ce ya ba ni zuwa azahar. Na kira akantan da ke duba mini takardu, ya ce doka ta yarda ma'aikaci ya ɗauki 'yan kwanaki saboda jinyar iyali, amma ba ta ce a biya shi ba, kuma in na biya shi daga aljihuna babu inda zan je a mayar mini. Gaskiyar da zan faɗa ita ce shagon ba zai iya biyan mutum yana gida ba, ya kuma biya wani a madadinsa, ko da ma ana samun mai surfani a tsakiyar azumi, ga hayar shago tana jira. Wannan gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ke nan ba.

Na kira Malam na ce zaɓi biyu ne. Ko ya tafi yanzu ba biya, ko ya daure zuwa bayan Salla in ba shi mako guda da albashinsa. Na san wanda zai ɗauka tun kafin in rufe baki. Sai na tambaye shi jikin nata, ya ce da sauƙi. Edita, ni ba baƙuwa ba ce a wannan amsa. Na san ko mutum yana kan gargara haka muke cewa, don ni ma haka na riƙa ce wa masu dubiya saura kwana biyu mijina ya cika. Amma ranar sai na cafke kalmar na riƙe, na ce to alhamdu lillahi tun da da sauƙi. Abu ɗaya ya roƙa, in bar masa wayarsa a aljihu, domin matar ba za ta iya yi wa masu motar asibiti bayani da Turanci ba, shi za ta kira. Na ce ai ƙarar inji ba za ta bari ya ji ba, kuma in na bar masa sauran ma za su nema. Na ce ya bar ta a durowa, ina nan tsaye a kanta, da ta kira zan miƙa masa. Da bakina na yi wannan alkawari, a gaban matan biyu.

Kwanakin farko na cika alkawarin. Ta kira don ta tambayi wace ƙwaya ce ta rana, na miƙa masa. Ta kira don wata takarda ta zo daga council, wato ƙaramar hukuma, ta tsorata, na miƙa masa. Ta kira don wani yana buga ƙofa, ashe mai kawo saƙo ne. Duk kira sai ya kashe inji ya fita waje ya yi minti goma yana lallashinta, ni kuwa ina kallon agogo ina cika ina batsewa, ga azumi, ga kwastomomi suna kira kamar ana binsu. A raina na fara cewa matar nan dai kaɗaici ne ke damunta, ba ciwo ba.

Saura kwana uku Salla, wani Alhaji da na yi wa alkawarin babbar riga ya zo tun hantsi, ya ja kujera ya zauna, ya ce ba inda za shi sai da rigarsa. Malam yana tsakiyar aikin ƙirji. Wajen sha ɗaya da rabi na ja durowa zan ɗauki alli, sai na ga wayarsa tana haske, an rubuta Maman yara. Na kalli Malam, kansa a sunkuye. Na kalli Alhaji, yana duba agogonsa. Na ce a raina bari ya kai ƙarshen wannan layin, na tura durowar. Ba a jima ba na ji tana gurnani a cikin katako, almakashin da ke ciki har yana rawa. Na dafa teburin da hannuna don kada a ji. Karo na uku ya fi daɗewa, ina tsaye ina yanka yadi, ina ce wa kaina wata takardar ce ta zo. Daga nan sai shiru. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma da ta yi shiru daɗi na ji. Da lokacin azahar ya yi ma na ce a ƙarasa rigar tukuna.

Sai wajen ƙarfe biyu Alhaji ya karɓi rigarsa yana ta sa albarka, na raba wayoyi. Malam ya duba tasa, ya kara a kunne, na ga fuskarsa ta sauya. Ya taɓa wani wuri, saƙon muryar da matar ta bari ya fito fili, duk muka ji. Muryarta ce, amma a dagule kamar an cika mata baki da tuwo, tana ta ƙoƙarin kiran baban yara, kuma kalma ɗaya tak na iya tsinta, hannuna. Ya kira ta, ba a ɗauka ba. Ya kira motar asibiti, Turancin ya ƙi fita, sai ni na karɓi wayar ina faɗa musu adireshin da yake faɗa mini. Ya fita a guje da silifas ɗin alwala, zare a manne a rigarsa, ya nufi tasha. Kafin ya isa masu motar asibiti sun ɓalle ƙofa, sun same ta a kwance a ƙasan kicin.

Ta rayu. Amma likitoci sun gaya masa akwai maganin da ake yi in an kawo mutum da wuri, kuma nata lokacin ya riga ya wuce. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma sai da aka yi watanni kafin ta dawo sosai. Ranar Idi na je masallacin Regent's Park don kada yarana su ce wani abu, kuma bayan an sallame, a bakin ƙofa, na hango Alhajin nan cikin rigarsa ana ɗaukarsa hoto. Aikin ƙirjin ya yi kyau ƙwarai. Na juya na shige cikin mata ina kuka, wata tana ba ni haƙuri tana zaton mijina na tuna.

Bayan Salla da kwana tara Malam ya dawo aiki, don ba shi da yadda zai yi. Ya gaishe ni kamar kullum, ya miƙo wayarsa, na ce ya riƙe abarsa, na soke dokar. Na je dubiya da abinci, ina ta addu'ar kada ta farka. Ta farka, ta kamo hannuna da na hagunta, tana jan harshe da ƙyar, mijin yana fassara mini. Godiya take yi wai na riƙe masa aikinsa ban ɗauki wani ba. Na fi wata huɗu ina yawo da wannan abu a ƙirjina, na rame, abinci ba ya shiga. Wata Juma'a da matan suka fita, na tsaya a gaban injinsa na gaya masa duka, cewa na ga kiran, sau uku, na rufe durowa. Ya kashe injin. Sannan ya ce ya sani tun ranar, domin waya tana nuna lokacin kowane kira, kuma ya san ban bar teburin ba. Ya ce shi ma da laifinsa, tun da ya zaɓi aiki ya bar ta. Nasa haƙƙin ya yafe mini duniya da lahira, amma hannun ba nasa ba ne, mai hannun ita ya kamata in roƙa.

Ban rubuto don in wanke kaina ba. Babu dokar da ta tura durowar nan, hannuna ne. Amma na yi tunani mai yawa a kan Litinin ɗin da ya tsaya a gabana, domin a nan aka fara. Da akwai asusu na ƙasa da kowa ke zuba ɗan abu a ciki, babban kamfani da ƙaramin shago, wanda zai riƙe mutum in jinyar iyali ta kama shi, da ranar na ce ya tafi, in ɗauki abin da zan biya shi in kai aikin waje ko in nemi mai riƙon ƙwarya. Da yana zaune kusa da ita lokacin da hannun ya fara mutuwa. Mai aiki a babban ofis sau da yawa ana ɗaga masa ƙafa, amma mu masu mutum uku ko huɗu, an bar mai shago da ma'aikaci su kalli juna, ɗaya yana tsoron haya, ɗaya yana tsoron yunwa, marar lafiya kuma tana gida ita kaɗai. Duk inda ake maganar nan yanzu, ko a taron masallaci ko a wasiƙa zuwa ga ɗan majalisar unguwa, ina sa baki, kuma ina roƙon 'yan uwana masu sana'a su sa nasu.

Kafin a kai ga haka, gargaɗina ga duk mai ma'aikaci a ƙarƙashinsa shi ne, in ɗan uwanka ya ce da sauƙi, ka sake tambaya, ka san yadda muke. Kada ka raba mai jinya da wayarsa, kome yawan aiki. Riga in ta makara a sa ta wata Sallar, kwastoma ya yi fushi ya huce. Ni na cika wa Alhaji alkawari, har yau ana cewa Hajiyar Barking ba ta ƙarya, ni da Malam muka san wanda na saɓa. Yanzu duk Lahadi nakan hau jirgi in je in yi mata kitso, tun da hannun ba ya ɗaguwa. Tana zaune a gabana, kanta a kan gwiwata, nakan shirya maganar tun daga tasha, in buɗe baki in kasa. In na gama sai ta shafa kan da hannun hagu, ta ce Allah Ya saka mini da alheri. Shekara biyu ke nan, ban gaya mata ba.