Bappa Sambo a Katangar Surukaina

Duk wanda ya san Bappa Sambo na Gawon Nama ya san hannun nan nasa na dama. Ana tsakiyar hira, ko ana cin tuwo, sai ya ɗaga tsohuwar wayarsa da ya ɗaure da kyauron roba don ya naɗi sauti, ya zare ido ya ce, "Ku yi kurum, tarihi na wucewa!" Tarihin kuwa wataƙila mai tallan fura ce ta ratsa layi tana rera kiran ciniki, ko makaɗin mahauta ya taɓa kalangu. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma wallahi ba a yi mutumin da ya ba ni kunya kamarsa ba.

Da ya yi ritaya daga koyarwa wani tsohon ɗalibinsa ya buɗe masa shafin waƙoƙi a intanet, shi ke nan muka shiga uku. Ya naɗo waƙa ya ɗora, ya rubuta dogon bayani a ƙasa, har maki yake bayarwa, don malanta ba ta sake shi ba. A bikin ƙanwata ya tare makaɗi a gaban jama'a ya ce fatar gangarsa ta saki, ya je ya shanya ta a rana. Makaɗin ya tambaye shi ko shi ma kiɗa yake yi. Bappa ya ce a'a, shi mai gyaran jarrabawa ne. Ni dai bayan rumfa na koma na ƙarasa cin shinkafata.

Masu karanta shafin ba su cika tabarma ɗaya ba. Babbansu shi ne Malam Yohanna, abokin aikinsa na da, mai kaɗa ganga a cocinsu can Unguwar Rogo. Za ka same su a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya duƙufa a kan waya, suna tafka musu a ƙarƙashin waƙa. Na ce don Allah su yi da baki mana, tunda ga su tare. Bappa ya harare ni ya ce, "In munka yi da baki, wa za ya ga an yi sharhi?"

Matarsa Inna Balki ta sha tambayarsa abin da yake samu a wannan wahala. Amsarsa ba ta canzawa: yana samun dalilin tashi da safe.

To, duk wannan wasa ne a kan ranar neman aurena. Mahaifin Asma'u wadda nake nema, Alhaji Bube, ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Wada, mutum mai tsauri da ko rediyo ba ya bari a kunna kiɗa a gidansa. Na roƙi Bappa har da rantsuwa ya bar wayar nan a gida. Ya ce ya bari. Ashe a hula ya sa ta.

Na kai shi da sauran dattawanmu da goro da alewa, na koma bakin layi na zauna a mota kamar yadda aka saba, tunda mai nema ba ya shiga. Can sai na hango Bappa ya fito daga zaure da buta, wai zai kama ruwa. Ya zagaya gefen gida, ya jawo bulo ya taka, ya miƙa hannu ta saman katangar cikin gida, inda mata suke! Bai leƙa da kai ba, hannu kawai da waya. Ashe kakar Asma'u ce, Hajja Ige, take tsintar shinkafa tana rera wata tsohuwar waƙar niƙa. Dattawa suka gaji da jira suka biyo sahu, Alhaji Bube a gaba. Ya buɗe baki zai yi magana, Bappa ya juyo daga kan bulo ya ce masa, "Alhaji, yi kurum, tarihi na wucewa."

Jama'a, na kwantar da kujerar mota na rufe fuskata da hula. Aka dawo mana da goronmu ko ƙulli ba a kwance ba, Alhaji ya ce zai yi shawara. Kowa ya san ma'anar wannan. Na daina cin abinci a gidan Bappa, Asma'u ta daina ɗaukar wayata. Inna Balki ta ce ya je ya ba da haƙuri, ya ce zai je, amma fa an katse masa waƙa a tsakiya, su ma da laifinsu.

Ana nan sai ga saƙo, ba daga Alhaji ba, daga Hajja Ige. Ta ji labarin abin da ya faru, ta ce a kirawo mata mai hannun nan. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita tana bayan labule. Ta ce waƙar uwarta ce, da ita ake niƙa gero a dutse kafin inji ya zo, kuma duk ɗiyanta da jikokinta ba wanda ya taɓa tambayarta ko baiti ɗaya. Ta rera masa tun daga farko har ƙarshe, ta yarda ya ɗora a shafinsa. Sannan ta kira ɗanta ta ce, "Bube, gidan da anka san darajar tsohuwa, can za ka kai ɗiyata." Aka ɗaura aure. Har yau in na gaida surukina, ƙasa nake kallo.

Bappa ya ɗora waƙar, ya ba ta maki mai kyau, amma ya rage kaɗan wai ta yi tari a baiti na ƙarshe. Malam Yohanna ya rubuta a ƙasa cewa wannan zalunci ne.

Hajja Ige ta rasu da damina. Bayan an share makoki sai ga Alhaji Bube a ƙofar gidan Bappa, yana ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce ko Malam Sambo zai kunna masa abin nan. Suka zauna a benci, Alhaji na share ido da hannun riga. Da ya tafi Bappa ya leƙa cikin gida ya ce, "Balki, kin ce mi nika samu? Ga shi can ya tahi gida."

Bara Bappa ya bi Hajja Ige, shi ma ya rasu. Da Asma'u ta haihu, yarinyar ta hana mu sakat da kuka, sai ta ce in nemo waƙar kakarta a shafin. Na kunna. Ashe ya bar farkon yadda yake bai yanke ba. Kafin muryar Hajja, muryarsa ce ta fara fitowa ƙasa-ƙasa, yana cewa a yi kurum. Yarinya ta yi kurum. Ni ne na kasa.

Allah ya jiƙan Bappa Sambo, ya jiƙan Hajja Ige, ya yafe masa hawan katangar mutane. Allah ya sa inda ya tafi ya ji abin da ya fi duk wanda ya naɗa daɗi. Amin.