Sunan Alhaji a Takardar Umma

A shekarata ta biyu a Guangzhou ta ƙasar Sin na sayi fayil mai ledoji goma a ciki, na liƙa wa kowace leda lamba, na fara tara takardun neman katin da ƙasar Indiya ke bai wa jikokinta da aka haifa a waje. Katin ba fasfo ba ne. Yana dai ba mutum damar shiga ƙasar ya zauna ba tare da neman biza ba, kuma shaida ce cewa asalinsa daga can yake. Shaidar nake so.

Kakana na wajen uwa Ba'indiye ne, Musulmi, malamin lissafi da aka ɗauko koyarwa a wata sakandare a Kano. Ya auri kakata, wadda muke kira Inna, aka haifi Umma. Umma na da shekara biyu ya tafi gida duba mahaifiyarsa da ke kwance, shi ma ciwo ya kama shi a can ya rasu. Wasiƙa ce ta kawo labarin ta hannun makarantar. Daga baya Inna ta auri Alhaji, mai shagon ɗinki a unguwarmu, ta tare da 'yarta. Iyakar abin da na sani ke nan, shi ma guntu-guntu na tsinto shi a bakin tsofaffin dangi, don a gidanmu ba a maganar. Sai dai in mun je kitso, mai kitso ta yi ta ƙorafin santsin gashinmu, Umma ta yi kamar ba ta ji ba.

Ina shirin tahowa Sin, wata uku kafin rasuwarta, Inna ta kira ni ɗaki ta zaro wani ƙunshi daga ƙasan akwati.

"Ke ce sarkin son takarda, ungo," ta ce. "Kada ki nuna wa uwarki, kunya za ki sa ta."

Tsohon fasfon kakana ne, wanda wa'adinsa ya ƙare tun kafin tafiyarsa, shi ya sa ya bar shi. A hoton saurayi ne siriri mai ɗan gashin baki, ya ɗan karkatar da kai kamar ana yi masa tambaya. Ni ma haka nake karkatar da kai. Na daɗe ina duba wannan a madubi kafin na yarda ba ƙirƙira nake yi ba.

A ajinmu na harhaɗa magunguna akwai 'yan Indiya da yawa. Ba na iya zuwa cikinsu, ni da ko a cikin Hausawa sai an ja ni da magana. A ɗakin cin abinci nakan zauna tebur ɗaya bayansu, littafi a buɗe, ina sauraron yarensu da ba na ji. Wani lokaci in je gidan abincinsu da ke kusa da unguwar Xiaobei ni kaɗai, in zaɓi abin da ban san sunansa ba, ina ci ina tunanin ko shi ne abin da ya riƙa marmari a Kano, ranar da Inna ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Wata daga cikinsu, wadda muke aikin gwaji tare, ita ta fara tambayata ko muna da dangi a can. Da na ba ta labari ta ce ai akwai kati don irinmu, ɗan ƙanin babanta da aka haifa a waje ma yana da shi.

Wata biyu na yi ina shiri. Na karanta sharuɗɗan har na haddace. Hoto sau uku aka ɗauke ni kafin girman fuska ya yi daidai da yadda aka ce. Na cike fom a intanet, na buga, na bi shi da fensir harafi-harafi, na sake bugawa saboda waƙafi ɗaya. Na sa ƙanwata ta turo mini kwafin takardar haihuwata da takardar shaidar shekarun Umma, na ce makaranta ce ke nema.

Ranar da aka ba ni, na isa ofishin jakadancin saura awa guda a buɗe. Matar da ke bayan gilashi ta buɗe fayil ɗin ta yi murmushi, ta ce da kowa haka yake zuwa da ta huta. Ta zaro takardu uku ta jera su: tawa mai ɗauke da sunan Umma, ta Umma mai ɗauke da sunan mahaifinta, da fasfon. Ta ɗora yatsa a ta biyu, ta ɗora a ta uku.

"Waɗannan mutum biyu ne," ta ce da Turanci, a hankali. "Wanne ne mahaifinta?"

Na tsaya ina kallon takardar. Sunan Alhaji ne a wurin. Na karanta shi ya fi sau ashirin a ɗakina ban taɓa ganin matsala ba, don tun da na buɗe ido sunan Umma ke nan. A gida aka haife ta, ba a yi mata takarda ba. Da lokacin makaranta ya yi, Alhaji ne ya riƙe hannunta ya kai ta, hedimasta ya tambayi sunan uba, ya ba da nasa. Duk wani mai mutunci a wajenmu haka zai yi. Ba a nuna wa yaro cewa agola ne, wato ɗan da uwa ta zo da shi daga wani gida. An ce wata ƙanwar Alhaji ta taɓa furta kalmar a tsakar gidansa, ta yi shekara ba ta sake taka ƙofar ba.

Na yi wa matar bayani. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta fahimta, amma takarda suke dubawa. In mutumin da sunansa ke nan yana raye, sai ya je kotu ya yi rantsuwa cewa riƙonta ya yi, ba shi ya haife ta ba, ya faɗi sunan wanda ya haife ta, a buga hatimi. In na kawo za su duba, ko da yake ba ta yi mini alkawari ba. Na gode mata, na mayar da kowace takarda ledarta, na fito.

Bayan sati biyu Kawu ya iso sarin takalma. Ƙanin Umma ne, babban ɗan Alhaji da Inna. Duk zuwansa ni ce tafintarsa, yana biyana da kilishi da yajin daddawa. Na same shi a masaukinsa da ke titin Huanshi Lu, muka wuce kasuwar takalma ta Zhanxi Lu. Yana tafe yana gaisawa da 'yan Kano da 'yan Maraɗi, ni ina biye da littafin da nake rubuta masa lambobin shaguna.

"Laoban," ya ce wa wani mai shago, yana ɗaga sandal. Kalmar maigida ke nan, ita da na gode su ne duk Sinancinsa. "Malama, tambaye shi akwai lamba arba'in da biyar?"

"Meiyou," mai shagon ya ce tun kafin in buɗe baki.

"Wannan na ji, babu. Ce masa ƙafar Bakano ba irin tasu ba ce, mu da ƙafa muke zuwa ko'ina."

Sai da muka zauna cin taliya a wani shagon Musulmi na samu ƙarfin zuciyar gaya masa. Na faɗa da tsari, yadda na shirya a raina tun safe. Ya ajiye cokali.

"Wato 'yar Indiya, so kike Baba ya sa babbar riga, ya je gaban alƙali ya ce uwarki ba 'yarsa ba ce."

"Ba haka za a rubuta ba, Kawu. Riƙo za a ce."

"Ke da rubutu. Shi da baki zai faɗa." Ya kurɓi ruwa. "Kin taɓa jin Baba ya kira sunan uwarki?"

Ban taɓa ji ba. Yarinyar nan yake cewa, ko ta ɗakin can, yanzu kuma uwar yaran nan.

"To ni ne ɗansa na fari," Kawu ya ce. "Amma sunana yake kira gatsau, tun daga soro har bakin titi, kamar ya samo ni a kasuwa. Ita yake wa kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunanta, ba ya yabonta a gaban mutane, ranar aurenta barin gidan ya yi. Sai da na kai shekara goma sha biyar na san ba ubanmu ɗaya ba, a bakin wani makwabci. Na koma gida na kasa cin abinci."

"Ni ba na son in ɓata masa rai."

"Na sani. Ke ko kaza ba kya iya kora." Ya dube ni. "Me ke can ɗin ne? Gida suka bar miki?"

Na ce babu komai. Kabari ne, shi ma ban san inda yake ba. Ina dai son in sauka a tashar garin a matsayin jikarsa, in ga irin hasken da ke can da rana, in ji yadda suke kiran salla. Ban iya faɗin wannan duka ba, rabi na faɗa, na sunkuyar da kai.

Kawu ya duba agogo. La'asar ta yi a nan, a Kano hantsi ne. Ya ce shi ba zai shiga ba kuma ba zai hana ba, ga waya, in tambaya da bakina. Kafin in ce wani abu ya danna kiran bidiyo, ya ce wa Alhaji ina da magana, ya miƙo mini wayar.

Alhaji ya bayyana a kan tabarmarsa ta soro, wayar ta yi kusa da fuskarsa har hancinsa ya cika allon.

"Wa nake gani? Amaryata ce? An ce kin samu wani ɗan Sin kin yar da ni."

"Alhaji ina kwana. Wa zai yar da kai, sai dai in ka daina ba ni kuɗin zance."

"Ji ta, rowa irin ta kakarta. Kina cin abinci kuwa? Duk kin zama tsinke."

Muka yi ta wasanmu na kaka da jika. Ya tambayi karatu, ya tambayi ko ana samun masallaci. Sannan ya ce jiya uwar yaran nan ta aiko masa da farfesu, ta cika barkono kamar kullum, shekara hamsin yana faɗa ba ta ji. Yana faɗa yana kawar da ido gefe, yadda yake yi duk sanda maganarta ta taso.

"Kawunki ya ce kina da magana," ya ce.

Jimlar tana bakina, na tsara ta da Hausa mai laushi tun a jirgin ƙasa. Na dubi Kawu, yana ta juya cokali a kwano.

"Hula nake son in aiko maka," na ce. "Ban san lambar kanka ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ce kan ango ai amarya ce ke sani. Muka yi sallama. Kawu ya karɓi wayarsa, ya tura mini sauran namansa.

Na cire takardun daga fayil a wannan makon, na mayar da shi na darasin sinadarai. Ranar Juma'a bayan an sauko na kira Umma. Ban yi niyyar faɗa ba, amma ashe Kawu ya riga ni, kuma ƙanwata ta tona maganar kwafin.

"Na ji abin da kika so yi," ta ce.

"Na fasa, Umma. Ki yi haƙuri."

"Kin kyauta." Na ji tana motsa wani abu, kamar murfin tukunya. "Wai fasfon yana wajenki?"

"Inna ce ta ba ni."

"Na san yana akwatinta. Sau nawa ina gyara mata kaya ina ganin ƙunshin." Ta sassauta murya, ko da yake na san ita kaɗai ce a gidan. "An rubuta garinsu a ciki?"

"An rubuta."

"Karanta mini."

Na ɗauko na buɗe shafin, na karanta mata. Suna ne mai tsawo, gaɓa biyar, ni ma ban tabbata haka masu garin ke furta shi ba. Ta gwada ta karye a tsakiya. Na raba mata shi gaɓa-gaɓa, tana bina kamar 'yar aji ɗaya, har ta faɗe shi daidai sau biyu.

"Akwai teku a wajen?" ta ce.

Na ce taswira ta nuna kogi, tekun da ɗan nisa. Ta ce to, ta ce in riƙa rufe kaina in ana ruwa. Sannan ta ce kada in turo mata hoton, wayarta tana yawo a hannun yara, amma in na zo hutu in taho da fasfon a jakar hannu, kada in sa a kaya.