Sai-Na-Gani da Muryar da Ke Haɗiye Kalmomi

Kafin mai shara ta gama goge tebura ya iso. Ba ya zama, ba ya neman shayi. Kwamfutar da ke lungun taga yake nufa, ya kunna, ya buɗe ayyukan da ke gudana a cikinta, ya zuba musu ido kamar mai gadin da aka taɓa yi wa sata. Shi ne mai gyaran kwamfutocin maɗaba'ar nan, kuma Sai-Na-Gani ake ce masa, domin ko cewa ka yi an kawo wuta sai ya taɓa makunni da hannunsa.

Kwamfutar ta Malama ce, mai duba kurakuran rubutu. Tun tana ƙuruciya ta rasa idanunta, da kunne take aiki: murya a kwamfutar ta karanta mata, ita ta kama kuskure. Wata shekara littattafai suka fara fita da kurakurai. Aka shiga raɗe-raɗin kunnen ma ya bi idon. Manaja ya ba ta zuwa ƙarshen wata, ko ta gyara ko ta tattara.

"Wallahi muryar ce ke haɗiye kalmomi," in ji ta.

"Na'ura ba ta ƙarya, Malama," in ji Manaja.

Sai-Na-Gani ya ɗago kai daga wayoyinsa. "Ranka ya daɗe, ni ko wanda ya ƙera ta ban yarda da shi ba."

Ya zauna a kujerarta, ya sa iyafis a kunne, ya rufe ido, ya yini yana sauraro har ya kama ɓarawon. Ashe ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta yin ayyuka duka lokaci guda. Tsarin da ke tafiyar da ita yayyanka lokaci yake yi, ya ba wannan aiki, ya karɓe, ya ba wancan, da saurin da ido ba ya lura. To an sa wa tsohuwar kwamfutar sabuwar manhajar farautar bairos, wato cutar kwamfuta, manhaja mai haɗamar tsiya. Da ta tashi bincike, sai muryar ta tsaya jiran layi. Mai ido ba ya asarar komai, ita kuwa Malama kalma ta faɗi ke nan. Ya ɗaga muryar zuwa gaban layi, ya mayar da mafarauciyar can baya. Kurakurai suka ɗauke.

Ya saita abin ya riƙa yin kansa, amma ina! Kullum sai ya duba. Nan zargi ya dawo kansa. Wasu suka ce Manaja yake yi wa leƙen asiri, wasu suka ce soyayya ce, har magana ta kai kunnen matarsa. Ya ji zafi, bai kuwa fasa ba.

Makon nan ya yi ritaya. Ranar sallama ya sa Malama ta maimaita yadda yake duba layin ayyukan da yatsunta har sai da ta ƙosa.

"Kada ki yarda da na'urar nan, Malama," in ji shi.

"Ai da kai kaɗai na yarda, sarkin zargi," in ji ta.

Sai-Na-Gani, kai ne ka zargi ƙarfe ranar da kowa ke zargin baiwar Allah. Kai ne ka gane cewa rabon lokaci daidai-wa-daida kan cuci wanda ba shi da ikon jira. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, duk ranar da za a raba wani da abincinsa don an ce na'ura ba ta ƙarya, a samu ko mutum ɗaya da zai miƙe ya ce sai ya gani.