Ranar da Baba Ya Ce Yana Zato

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, wani kamfanin titi ya kafa zango kusa da Mairuwa. Suna neman mai gadin sito, inda ake ajiye siminti da man motoci. Na sa rai, don na yi musu leburanci rani da damina, ko ƙusa ba ta ɓata a hannuna ba. Baturen da ke shugabantar aikin ya ce in kawo babba ya shaide ni.

Na kawo Baba. Ni ne ɗan farinsa. A wajenmu uba ba ya ko kiran sunan ɗan fari, balle ya yabe shi gaban mutane.

Tafinta, wani magidanci ɗan Faskari, ya ce, "Baba, Bature shina tambaya, wannan mai amana ne?"

Baba ya dubi takalminsa. "To, ina zato dai."

Tafinta ya mayar da Turanci. Bature ya ɓata fuska, ya yi doguwar magana.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji tafinta. "Su a bakinsu kowace kalma da mazauninta. Akwai ta abin da mutum ya sani don ya gani. Akwai ta abin da zuciya ta amince da shi ko ba a gani ba. Akwai ta tsammani. Sai ta kintace, kamar mai duban hadari. Wacce zan ba shi?"

"Ba shi ta tsakiya."

"Su huɗu ne, Baba, babu ta tsakiya."

Na taka ƙafar tafinta, na raɗa masa, "Malam, ka ce ya sani mana!" Ya ce shi ba ya ƙara wa maganar dattijo gishiri. Ya sake tambaya, "Baba, kun sani ko ba ku sani ba?"

"Sani sai Allah."

Shi ke nan. Aka ba da gadin ga wani mutumin Ruwan Godiya, wanda kawunsa ya zo yana rantsuwa har da dukan ƙirji. Ni aka ce gobe in koma ɗaukar kwanon siminti.

A hanyar gida ina gaba, Baba na baya. Ya gamu da wani abokinsa mai keke, suka tsaya. Ya ɗauka na yi nisa. Da kunnena na ji Baba ya ce masa, "Wancan yaron? Ba shi ajiyar rumbunka, ka tahi Makka ka dawo, ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba."

Na juyo. Baba ya shiga gyaran hula.

Na ce, "Baba, ai can aka tambaye ku, ba nan ba."

Ya ce, "Kai, wuce mu tahi. Ba da kai nike ba."