Abin Riƙe Kyamarata da Robobi Biyu

Har in mutu ba zan manta ranar da yayana ya bayar da aikin hannuna na wata uku a kan robobi biyu ba.

Ina ɗaukar bidiyo a Gusau, kuma hotona yakan yi rawa idan ina tafiya da kyamara. Sai na haɗa abin riƙe ta da kaina: hannun tsohon keke, boris ɗin babur da wani makanike a Tsafe ya jefar, da notuna a ƙasa don su ba shi nauyi. Sau huɗu mai walda yana yanke shi muna sakewa. Da ya daidaita, ko gudu na yi hoton ba ya motsi. Muninsa kam ban musa ba.

Dalilin wahalar shi ne kakanmu a Bungudu. Ƙafa ta fara gaza masa, ya ce zai zagaya gonar gado sau ɗaya ya nuna iyakarta, ni kuma in ɗauka.

Da safen ranar na duba bayan ƙofa inda nake ajiye abin riƙe kyamarar, babu shi. Yaya na zaune yana shan koko.

"Wanga tarkacen? Mai gwangwan ya wuce jiya, na ba shi. Ga robobi nan biyu, Inna ta ji daɗi."

"Yaya, ka tambaye ni?"

"Mutum shi tambayi izinin share gida?"

Ko ɗago kai bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutumin da kullum yake ganina durƙushe a kan abin! Na zagaye unguwa a kan babur, ban ga mai gwangwan ba.

Haka na bi tsoho cikin kunyoyi da kyamara a hannu, ina tuntuɓe. Ya nuna itace, ya nuna dutse, hoton sai tsalle yake. Bai sake taka gonar ba, bayan damina ya rasu.

Bara maƙwabcin gonar ya ci mana iyaka. Yaya ya zo da sauri a kunna masa bidiyon. Ya ƙura ido, ya maimaita sau uku.

"Wane icce Baba ka nunawa nan? Ban gani."

Na shiga ciki na ɗauko robobin nan biyu na ajiye a gabansa.

Tun daga nan na koyi cewa abin da ba kai ka sha wahalarsa ba, kada ka kira shi shara sai ka tambayi mai shi. Sabon da na sake haɗawa kuma yanzu a akwati yake, da kwaɗo.