Jakar Sanyin Fadila

Duk wanda ya yi koleji a Maraɗi a shekarun yajin aiki, bayan babban taron ƙasa, zai tuna Mushe Ilyasu, wato Malam Ilyasu a bakin 'yan lakwal, malamin lissafi da kimiyya. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya cewa abu ya yi kyau sai ya gwada shi da hannunsa. A unguwar Zariya yake zaune da matarsa Tsahara da 'yarsu ɗaya tilo, Fadila.

Fadila tana shekara tara aka gano tana da ciwon sukari. Allura safe da yamma, ruwan allurar kuma ba ya jure zafi. Gidan babu firigo, ko da ma akwai, wutar ba ta zama. Sai Tsahara ta binne 'yar tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, nan kwalaben suke kwana. Dabarar ta yi aiki, sai dai tukunyar ta zame wa yarinyar turke. Ba ta nisa da ita. Kakarta ta wajen uba tana Jiratawa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma Fadila ba ta ƙara kwana can ba. In an yi hutu 'yan ajinsu suka watse ƙauyuka, ita sai ta zauna bakin ƙofa tana tambayar masu dawowa ko mangwaro ya nuna.

A shagon wani ɗan kasuwa, Maman Lawali, da ke Sabon Gari Ilyasu ya ga jakar. Shuɗiya ce mai kauri da taushi, cikinta kamar azurfa, zip ɗinta sai an ja da ƙarfi, ga maɗauri na ratayawa. Cikin kayan Kotono ta zo. Kuɗinta ya kai na rago, a shekarar da albashi ke yin watanni bai fito ba.

"Mushe, wannan ba ta malaman lakwal ba ce," in ji Maman Lawali. "Ta masu zuwa daji shan iska ce. Ga kula ta roba nan, rabin rabin kuɗinta. Ko kai ma Nasara ka zama?"

"Ta roba ba ta ratayuwa a kafaɗar yarinya. Ara mini ita zuwa la'asar."

"In ara maka? Mi za ka yi da ita?"

"Gwaji."

Ya sayo ƙanƙara ya raba biyu, rabi a jakar, rabi a kular roba, ya ajiye su a rana ƙofar shagon, ya zauna kan benci yana gyaran takardun ɗalibai. Maƙwabtan shago suka taru suna yi masa tsiya, wani ya ce a kawo alli da allo tunda lakwal ta taso kasuwa. Da la'asar aka buɗe. Ta robar ta zama ruwa mai ɗumi. Ta jakar ko kusurwoyinta ba su gama mutuwa ba.

Tsahara ba ta yi murna ba. Ragon da take kiwo don layya shi aka sayar.

"Tukunyata mi ta yi maka?"

"Ba ta hawa mobilet," ya ce.

Fadila da kanta ta rage tsawon maɗaurin ya zo daidai ƙugunta, ta ɗinke wurin da jan zare don kada ya zame. Ranar farko da suka nufi Jiratawa tana bayan mobilet ɗin, ɗan ƙaramin babur ɗinsu, jakar a tsakaninta da bayan babanta, yana jin sanyinta ta cikin riga. Ta kwana uku wurin kakarta. Ta shiga ruwan kanal na ban ruwan gonaki har gwiwa, ta tsinki zogala, ta ci tumatir a gona ba wanki, ta dawo da ƙaiƙayi a ƙafa da labarin da ya ishe su wata guda. Bayan nan ba a ƙara riƙe ta ba. Ta je Tibiri gidan su Abigail, ƙawarta ta aji, ta yi musu Kirsimeti, uwar Abigail ta bi gari ta nemo ƙanƙara aka ƙara wa jakar. Ta bi 'yan ajinsu yawon gulbi. Kakar kan ce in ta hango shuɗi yana lilo a kan hanya, ta san ta yi baƙuwa. Tsahara ma ta daina maganar ragon.

Shekara biyu aka yi haka.

Sai aka karya darajar kuɗin sefa. Magani ya ninka kuɗi, daga baya ma ya ɓace. Ilyasu ya bi farmasin garin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ana jiran kaya. Suka fara rage wa Fadila abin da ake ɗura mata don kwalbar ƙarshe ta ja kwana. Ta rame, ƙishirwa ba ta barinta. Da kwalbar ta ƙare aka kwantar da ita a likita, wato asibiti, su ma can babu. Ya zuba ƙanƙara a jakar ya je Tibiri, inda aka ce wani yana da saura. Babu. Ya je Jiratawa wurin wani tsohon ma'aikacin jinya. Babu. Kullum da safe sai ya sake sabuwar ƙanƙara, don kada a samu maganin a rasa inda za a sa shi.

Aka ce masa akwai a Katsina.

Kafin ya tafi ya leƙa ta. Idonta biyu, leɓɓanta sun bushe. Ta dubi jakar da ke maƙale a hammatarsa, don maɗaurin bai kai masa ba, ta yi murmushi.

"Baba, ta yi maka kaɗan."

"Aro na yi."

"To kar ka kwance mini ɗinkina."

Ya samu maganin a Katsina, kwalba huɗu. Ya naɗe su da tsumma don kada su taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kamar yadda ya saba, ya ja zip ɗin har ƙarshe. Amma lokacin ana fama da rashin mai a Nijeriya. Motar da ya shiga ta tsaya a Jibiya, ba ta tashi ba sai washegari. Da rana ta ɗaga ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe jakar, ya zauna da ita a cinya har Maraɗi, bai buɗe ko sau ɗaya ba, don ya san kowace buɗewa sanyi take ci.

Daga tasha ya yi niyyar wucewa likita. Wani ɗan kabu-kabu, tsohon ɗalibinsa, ya ɗauke shi, bai tambaye shi inda za shi ba, ya nufi unguwar Zariya. Ilyasu ya buɗe baki zai gyara masa hanya, sai ya lura yaron ya ƙi haɗa ido da shi a madubi. Ya bar shi ya ci gaba da tafiya.

Tabarmi ne shimfiɗe a ƙofar gidan. An dawo daga maƙabarta tun hantsi.

Ya zauna cikin mutane ana yi masa gaisuwa yana amsawa, jakar na kan cinyarsa. Sai da aka ragu ya shiga ciki. Tsahara tana zaune a gindin randa. Ta miƙo hannu ta karɓi jakar, ta ja zip ɗin, ta sa hannunta ciki. Ta daɗe a haka.

"Da sanyinta," ta ce.

Kwalaben ya kai likita a ranar, aka yi wa wani da su. Maman Lawali da ya zo gaisuwa ya ja shi gefe, ya ce in ganin jakar zai riƙa tayar masa da hankali, ya kawo ta ya karɓi kuɗinsa cif. Ilyasu ya yi godiya, ya ce a'a.

Ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya. Wani sabon malami da ke son sayen irinta don zuwa gona ya taɓa tambayarsa ko ta ci kuɗinta. Ilyasu ya yi tunani kamar yadda yake yi kafin ya ba da maki.

"Abin da aka ce za ta yi, ta yi shi," ya ce. "Fadila ta ga Jiratawa."

Har kakar ta rasu shi yake kai mata ruwan sanyi duk ƙarshen mako a cikin jakar. Mutanen hanya sun saba ganinsa, dogon mutum a kan tsohuwar mobilet, da shuɗiyar jaka maƙale can sama a hammatarsa. Wasu sun sha ce masa ai maɗaurin yana ƙaruwa, zare ne kawai za a warware. Yakan ce ya sani.