Kunnen Hagun Nafisa

Talata ce, ranar da Amurkawa ke zaɓen shugaban ƙasa, cikin sanyin Nuwamban 1984. Na tashi da asuba kamar kullum. Babu ladan a garinmu na Bowie, agogon kicin ne ladaninmu. Na yi salla. Na duba ƙullun waina, ya tashi. Na fere kabewa don miyar taushe. Kabewa banza ce a wannan watan, Turawa sun gama sassaƙa mata ido da baki sun jera a ƙofar gida.

Baƙi muke jira. Maigidana injiniya ne, Injiniya nake ce masa kamar kowa. Aikin kwamfuta yake yi a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati na Washington. Ya sayo ƙarama ya ajiye a falo, ni na ɗinka mata mayafi. Makonni yana ɗura mata lissafi don ta gaya masa wanda zai ci zaɓe. Abokansa na musu, ya ce su zo su gani da idonsu. A cikinsu duka babu mai ƙuri'a ko ɗaya.

Haihuwata uku, ta fari ce kaɗai ta rayu. Da aka haife ta a Zariya, ungozoma ta ce namiji ne. Aka yanka rago, aka raɗa sunan mahaifin Injiniya, mutane suka riƙa cewa Abba. A lokacin kowa "shi" yake cewa, har ni. Sunanta Nafisa, kuma "ita" zan rubuta daga nan har ƙarshe. Wanda bai so ba ya ajiye takardar.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Ga shi kuma sunan surukina ne, kunya biyu ke nan. Shekara sha tara ban furta sunan ba, ko Abban ma ban iya ba. "Kai" nake cewa, ko "wannan". Mata na yabon karata, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Ni ta fara gaya wa cewa ita mace ce, wata guda kafin ranar. Ina ajin manya a lokacin, da shekara arba'in da 'yan kai nake koyon haɗa baƙaƙen boko, ita ke duba mini aikin gida a teburin kicin. Ta faɗa da Turanci, ban gane ba. Ta faɗa da Hausa, na gane. Na zage ta. Na yi kwanaki ban amsa gaisuwarta ba. Sai na riƙa tuna yarinyar da ke ɗaura ɗankwalina tun ba ta iya magana sosai ba, ina fizgewa, tana sake ɗauka. Ban fahimta ba, amma na san ba ƙarya take yi ba.

Ta ce ba za ta iya jira ba. Ta fara ganin wani likita, kuma inshorar babanta ce ke biya. "Inna, kwamfuta za ta gaya masa kafin ni." Na yarda, don shi da bakinsa ya koya mana tsoronta. Kullum a kan abinci sai ya ce kwamfuta ba ta mantuwa. Sunanka ya shiga ta asibiti ko ta 'yan sanda, ya shiga ta hukumar shige da fice. Takardunmu kuwa a kan aikinsa suke rataye.

Ni na zaɓi ranar. A gida ba a kai wa maigida magana mai nauyi shi kaɗai, ana kai masa ne a gaban wanda yake jin nauyinsa. Alhaji Garba zai zo, dattijon da ya riƙe Injiniya a ɗakinsa lokacin da ya fara zuwa ƙasar nan. Dokta Bala zai zo. Na ce mata a gaban Alhaji ko murya ba zai ɗaga ba.

Bayan la'asar suka iso. Ina jin su daga kicin.

"Injiniya, me bokan naka ya ce?" in ji Alhaji.

"Tsohon nan da ke kan mulki zai koma, Alhaji. Da tazara mai yawa ma."

"Wannan ai mai askina ya gaya mini kyauta," in ji Dokta. "Kai sai da ka sayo inji."

Suka yi dariya. Da magariba Alhaji ya ja su salla a falo. Aka kunna talabijin. Na ɗora tanda.

Wajen ƙarfe bakwai firinta ta fara kuka, ƙiiii, ƙiiii, tana tofo takarda. Na ji takun Nafisa a matakala. Riga da wando ne a jikinta, irin na kullum. Ta zo gaban babanta ta zube gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai, yadda 'ya mace ke yi. Yaran da suka tashi a nan da Turanci suke amsa mana. Ita ranar da Hausa ta yi, ta kwana tana bitar kalmomin.

"Baba, ina neman gafara. Ni ba namiji ba ne. Ni mace ce. Sunana Nafisa."

Dokta ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Firinta ba ta tsaya ba.

"Maimaita," in ji Injiniya.

Ta maimaita.

"Da sunan ubana a kanka?"

Marin a kunnen hagu ya sauka. Ƙararsa kamar an fasa buhun takarda. Ta kife, kanta ya daki ƙafar teburin kwamfuta, na ƙarfe ne. Ya sa ƙafa. Ya fizge wayar firinta daga bango, kukan ya yanke, ya ninka wayar biyu.

"Ɗan daudu a gidana!"

"Injiniya, bari! Bari mana!" Alhaji ya miƙe, amma bai matsa ba. Dokta ya manne da bango.

Ina bakin ƙofar kicin, faranti cike da waina a hannuna. Taku biyar ne tsakanina da su. Ƙafafuna ba su motsa ba. Ba tsoro ba ne, ni ban taɓa jin tsoron Injiniya ba, duk wanda ya san ni ya san bakina. Maza na kallo, kuma ɗan fari ake duka. Shekara sha tara na koya wa jikina tsayuwa, ranar ya tsaya.

"Inna!"

Waya ta sauka.

"Inna!"

Na uku babu murya, baki kawai ya buɗe. Sannan farantin ya faɗi. Na koma kicin na ɗauko tandar, mai na tafasa a cikinta.

"Ka ƙara taɓa ta, wallahi a fuskarka zan juye!"

Ya ji abin da na ce. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya yar da wayar, ya nufi ɗakin ƙasa. Can yake ajiye wuƙar yankan layya, ni da Alhaji mun sani.

Alhaji ya daka mini tsawa: "Maman Abba, fita da yaron nan! Fita!"

Makullin mota na kan ƙusa a bakin ƙofa. Na ciccibe ta, ta fi ni tsawo. Silifas ne a ƙafata, babu mayafi, babu jaka. Na tura ta kujerar baya. Ba ni da lasisi. Tuƙin da na iya shi ne wanda ta koya mini ranar Lahadi a filin ajiye motoci na kanti, in babu kowa. Motar Dokta ta tare hanya. Na hau ciyawa. Na taka kabewar maƙwabcinmu, na ji ta fashe. A madubi na ga ƙofar gida ta buɗe, Alhaji ya rungume Injiniya ta baya, hularsa a ƙasa.

Mun wuce makarantar unguwa. Mutane na layin zaɓe a cikin sanyi, riƙe da kofunan kofi. Babu wanda ya waiwayo.

A babban titi motoci na wuce ni kamar iska, suna danna ham. Daga baya take ba ni umarni, da ƙarfi, don ba ta jin muryar kanta.

"Dama, Inna! Tsaya a layinki! Burki!"

Sai na ga shuɗin allo da farin harafi ɗaya. Na karanta shi, ita ta koya mini shi. Ita ma ta gani.

"Inna, asibiti."

Ban juya ba.

Garin Silver Spring na nufa, gidan Rahila. Nas ce, Kirista daga Filato, a shagon kayan miya na 'yan Afirka muka haɗu, ni ke yi mata kitso. Bayan isha muka ƙwanƙwasa. Ba ta tambayi kome ba sai da ta wanke jinin. Ta haska kunnen da tocila. Jini na fita, da wani ruwa fari.

"Yaya, wannan ya fi ƙarfina. Asibiti, yanzu."

"Babu inda za ta."

"Yaya, kunne ne fa, kusa da ƙwaƙwalwa."

"Su sa suna a kwamfuta? Su kama shi, aiki ya tafi, takardu su tafi, a kwashe mu a mayar? Ki gaya mini inda zan kai wannan a Zariya ta kwana da rai."

Ta rantse da Allah ba haka abin yake ba. Ta ce kullum tana ganin marasa takardu a asibiti, ana yi musu magani suna tafiya. Na tsaya a bakin ƙofa na baza hannu. Na fi ta shekaru, na fi ta murya. Ta bari. Ta bango muka ji talabijin ɗin maƙwabta na shela. Tsohon ya koma, da tazara mai yawa.

Da safe Rahila ta tafi aiki. Nafisa na juyi, tana riƙe da kai. Na ɗumama man zaitun a cokali na ɗiga mata a kunnen, yadda uwata ke yi mana in kunne na ciwo. Ta cusa fuska a matashi ta yi ihu. Na ce ta daure, alamar yana aiki ne.

Alhamis ta ce ɗakin na juyawa. Ta yi ta amai. Juma'a da hantsi jikinta ya yi zafi kamar bakin murhu. Na ce "kai", ba ta amsa ba. Ta dube ni, ba ta gane ni ba. Wannan karon Rahila ba ta nemi izinina ba. Ta ɗaga waya. Jiniyar motar asibiti ta cika layin.

A asibiti wata mata ce zaune a gaban kwamfuta, tana cin cingam. Ta ce suna, kamar yadda yake a takardu. Nafisa ba ta magana. Rahila kuwa "Abba" kawai ta sani. Suka zuba mini ido.

Na faɗa. Sunan surukina, sunan ɗan farina. Matar ba ta ji daidai ba, ta ce in jero mata baƙaƙen. Na jero su ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini a aji. Ta buga. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce mu zauna can.

Shi ke nan. Babu ɗan sandan da ya zo mayar da mu ko'ina. Daga baya wata ma'aikaciya ta tambayi Nafisa wanda ya dake ta, ta ce ba za ta faɗa ba, aka ƙyale ta.

Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, ƙashin bayansa ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga ciki. Ya tambayi yaushe abin ya faru. Na ce Talata. Ya tambayi wa ya zuba mai. Na ce ni. Ya rubuta.

Sun ceci ranta. Kunnen bai dawo ba.

Dokta Bala ne ya kawo kayanmu cikin baƙaƙen ledojin shara, ya ajiye a ƙasan bene, ya karɓi makullin mota. Bai hau ba. Tandata ba ta ciki. Takardar sakin tana ciki. Injiniya bai sake ganin Nafisa ba har ya koma ƙasarmu. Matan da ke yabon karata suka daina ganina a shagon kayan miya, ko da muna layi ɗaya. Takardun zama kuwa mun sha wuya a kansu, Rahila da mutanen cocinsu ne suka tsaya mana har aka samu hanya.

Ranar da aka sallame ta, bas muka hau. Ta zauna jikin taga, kanta a naɗe da bandeji. Na zauna kusa da ita. Tun daga ƙofar asibiti nake juya sunan a bakina. Da muka tsaya a danja na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi.

"Nafisa."

Tana kallon titi. Wani mutum na cire allunan zaɓe daga jikin turaku yana jefawa a bayan mota. Ba ta juyo ba. A hagunta nake zaune.

In an tambaye ta, takan ce na fara kiran sunanta ne a kicin ɗin Rahila, bayan sati uku, ranar da na ce ta miƙo mini gishiri. Ban taɓa gyara mata ba. Har yau in za mu tsallaka titi, sai ta kama hannuna, ta mayar da ni damanta.